Me ke kashe murjanin teku? Tambayoyi da amsoshi

Shin murjani dutse ne ko tsiro?

Dabba ce, ƙanƙanuwa mai laushin jiki, wadda ke gina wa kanta gida na farar ƙasa. In ta mutu, na baya su ɗora nasu ginin a kan nata, a haka har shekaru dubbai, sai ya zama tudu a ƙarƙashin ruwa. Mafi girma shi ne Great Barrier Reef da ke gaɓar Ostireliya, mai tsawon kusan kilomita 2,300. Tuddan murjani na duniya gaba ɗaya ba su kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma kusan rubu'in nau'o'in halittun teku a nan suke rayuwa.

Yaya zafi ke kashe shi?

A cikin jikin murjani akwai ƙwayoyin gansakuka da ido ba ya gani. Su ke sarrafa masa abinci da hasken rana, su ne kuma ke ba shi launi. Da zarar ruwa ya ɗara zafin da aka saba da digiri 1 kacal, ya kuma ɗauki makonni a haka, sai murjanin ya fitar da su, ya koma fari fat kamar ƙashi. Bai mutu ba tukuna, yunwa yake ji. In ruwan ya huce da wuri yakan farfaɗo.

Abin damuwar shi ne ya daina samun sararin farfaɗowa. Tudun Ostireliya ya yi farin nan a 1998 da 2002, sannan 2016, 2017, 2020, 2022 da 2024. Ga kuma hayaƙin kabon da ke ɗumama duniya, teku ma na shan sa, yana ƙara wa ruwa tsami, ginin murjani ya riƙa yin wuya.

Ban da zafi fa?

Akwai masu kamun kifi da nakiya, kamar yadda aka sha fama a Tanzaniya da Indunusiya. Fashewa ɗaya kan rugurguza ginin shekaru. Takin gona da ƙazantar birane ma suna kwarara teku, su shaƙe murjanin.

Mu da ke nesa da teku, ina ruwanmu?

Alhazan da suka tafi Makka a ƙasa ta Sudan sukan hau jirgin ruwa a Suwakin, garin da aka gina gidajensa da dutsen murjani, haka ma tsohuwar Jidda. Har yau masunta a gaɓar Bahar Maliya da kifin tuddan nan suke ci da iyali, kuma tuddan ke karya ƙarfin igiyar ruwa kafin ta iso gari.

Akwai sauran dabara?

Hana nakiya da tsabtace ruwa suna taimakawa ƙwarai, ana ma rainon murjani a sake dasawa. Sai dai a ganina duk wannan jinkirta ɓarna ne muddin ba a rage hayaƙi ba. Kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta a 2018 cewa in ɗumamar duniya ta kai digiri 1.5 sama da yadda take kafin zamanin masana'antu, za a rasa kashi 70 zuwa 90 na tuddan. In ta kai digiri 2, fiye da kashi 99.