Ɗaliban fannin lafiya da ciwon damuwa: tambayoyin da kuka ƙi daina yi min

Duk zangon karatu tambayoyin nan ne dai suke dawowa, daga ɗaliban likitanci, da na jinya, da na harhaɗa magunguna. Na gaji da maimaitawa, shi ya sa na tara su wuri ɗaya. Wanda ya sake tambaya, nan zan turo shi.

Ni kaɗai ne nake jin kamar in ajiye karatun nan?

A'a. A 2016 mujallar likitanci ta JAMA ta wallafa nazarin da ya tattara bayanan ɗaliban likitanci daga ƙasashe fiye da 40. Kusan kashi 27 cikin 100 suna da ciwon damuwa ko alamunsa, kashi 11 kuma sun yi tunanin kashe kansu. Cikin masu alamun, waɗanda suka nemi magani ba su kai kashi 16 ba. Wannan adadi na ƙarshe shi ne yake ba ni haushi. Kuna kwana a asibiti kuna tashi a asibiti, amma wanzami ba ya son jarfa.

Na cike PHQ-9 da kaina na samu 14. Ina da ciwon ke nan?

An koya maka a aji cewa wannan takarda ta tantance alamun ciwon damuwa ce kawai. Tambayoyi 9 ne, maki daga 0 zuwa 27, kuma daga 10 zuwa sama ana so likita ya zauna da mutum ya bincika. To je a bincika mana. Cike ta sau biyar da tsakar dare ba zai canza komai ba.

Ta yaya zan bambance gajiya da ciwo?

Gajiya tana sauka idan ka huta. Idan aka yi mako 2 ko fiye, kusan kullum ranka a ɓace, abin da kake jin daɗinsa a da ya fita daga ranka, barci da cin abinci sun rikice, kana karanta shafi ɗaya sau huɗu ba ya shiga, to abin ya wuce gajiya. Akwai kuma ƙosawa da aiki, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fayyace a 2019 a matsayin matsalar wurin aiki: ƙarfi ya ƙare, zuciya ta bushe game da aikin, ƙwazo ya ragu. Ranar da ka fara kiran mara lafiya da lambar gadonsa kuma kukansa bai dame ka ba, ka tsaya ka dubi kanka.

Zan iya karɓar maganin barci ko na damuwa wajen abokina, tunda na san adadin da ake sha?

Kul! Magungunan barci da kwantar da hankali irin su diazepam da danginsa, jiki yana sabawa da su har ya kasa bari cikin 'yan makonni. Magungunan ciwon damuwa irin su fluoxetine da sertraline kuwa sukan ɗauki mako 2 zuwa 4 kafin a fara ganin amfaninsu, kuma a farkon shan su tunanin cutar da kai yana iya ƙaruwa ga 'yan ƙasa da shekara 25. Dole wani ya sa maka ido. Abokinka na aji ba zai iya ba.

Idan na je ganin likitan ƙwaƙwalwa, makaranta za ta sani? Zai hana ni lasisi nan gaba?

To, wannan ce tambayar da take hana yawancinku motsi, kuma ba zan yi muku ƙarya in ce babu abin tsoro ko kaɗan ba. Amsar ta danganta da ƙasa, da makaranta, da kuma irin halin da kake ciki.

Ƙa'idar asali ita ce sirri. Abin da ka faɗa wa likita a matsayin mara lafiya ba ya zuwa ofishin shugaban sashe. Amma sirrin yana da iyaka, kuma iyakar kusan ɗaya ce ko'ina: idan akwai haɗari na zahiri ga ranka, ko ga wani, ko ga marasa lafiyar da kake dubawa. A mafi yawan wurare abin da hukumomin lasisi suke dubawa shi ne ko kana iya aiki ba tare da cutar da kowa ba. Sunan ciwo kaɗai ba kasafai yake rufe wa mutum ƙofa ba. Na ce "mafi yawa" da gangan, domin akwai wuraren da fom ɗin rajista har yanzu yake tambayar tarihin jinya. Nemo fom ɗin ƙasarku ka karanta da idonka, kar ka dogara da jita-jitar ɗakin kwana.

Matsalar da ta fi yawa a aikace ita ce asibitin koyarwa. Likitan da zai duba ka yau, shi ne zai iya zama mai yi maka jarrabawa baɗi, kuma fayil ɗinka yana iya ratsa hannun 'yan ajinku. Wannan damuwa ce mai tushe. In da hali, nemi likita a wajen asibitin da kake karatu, ko aƙalla wanda ba ya ba ka maki. Kafin ka buɗe baki, tambaye shi kai tsaye: wa zai ga bayanan nan, ina ake ajiye su, a wane hali za ka sanar da makaranta? Likitan kirki ba zai ji haushi ba.

Idan kana buƙatar hutu ko ɗage jarrabawa, nan dole makaranta ta san wani abu. Sau da yawa takardar da ta ce ba ka da lafiya kuma kana buƙatar kwanaki kaza ta wadatar, ba sai an rubuta sunan ciwon ba, sai dai wasu makarantun suna neman ƙari. A ganina, wanda ya nemi taimako da wuri ya fi samun sauƙi a gaban kowane kwamiti fiye da wanda ya ɓoye har ya fara tsallake aiki ko ya yi kuskure a kan mara lafiya. Ban ce kowane malami mai fahimta ne ba. Wasu ba su da ita, na sani.

Ƙawata ta ce ta gaji da rayuwa. Kar in tambaye ta in sa mata tunanin?

Tambaye ta, a fili: "Kina tunanin kashe kanki?" Tambaya ba ta dasa tunanin. In ta ce e, kar ki bar ta ita kaɗai, kawar da magunguna daga kusa da ita, ki kai ta sashen gaggawa yau ɗin nan. Kar ki yi mata alkawarin rufa asiri. Ta yi fushi da ke, ba komai, za ku shirya.

Barcin awa 4 ya isa a makon jarrabawa?

Bai isa ba. Baligi yana buƙatar awa 7 ko fiye, kuma a cikin barci ne ƙwaƙwalwa take adana abin da ka karanta. Kofin da ka sha da yamma kuwa, bayan kamar awa 5 rabin kafeyin ɗinsa yana nan a jininka.

Duk cutar da muka karanta sai in ji kamar ina da ita.

Kwantar da hankalinka, kusan kowane aji akwai irinka. Yawanci yana wucewa da an shiga babi na gaba. In ya hana ka barci ko karatu, koma tambaya ta uku.