Sauya Iskar Kabon Dayoksaid zuwa Haidirokabon da Wutar Lantarki

Wannan hanya ce ta kimiyyar sinadarai da ake amfani da wutar lantarki wajen mayar da iskar kabon dayoksaid ta koma sinadaran haidirokabon, wato masu ɗauke da haidirojin da kabon kaɗai, irin su mitan da etilin, waɗanda ake yin makamashi da roba da su. Ana gudanar da aikin a cikin mazubi mai ruwan gishirin sinadari da farantan ƙarfe biyu da ake haɗa wa wuta, ɗaya ana kiransa katod, ɗayan kuma anod. A kan katod iskar take karɓar ilektiron, wato ƙananan ƙwayoyin da ke ɗauke da lantarki, tare da haidirojin daga ruwa, a kan anod kuma ruwa yake rabewa ya saki oksijin. Ƙarfen katod shi ne katalis, wato abin da ke hanzarta sauyin ba tare da ya ƙare ba.

Irin ƙarfen da aka zaɓa shi ke yanke abin da zai fito. Dalma da kuza da zaiba suna ba da sinadarin fomet, wanda ba haidirokabon ba ne, zinariya da azurfa suna tsayawa a kabon monoksaid, baƙin ƙarfe da nikel da filatinom kuwa kusan haidirojin kaɗai suke fitarwa. Jan ƙarfe ne ya fita daban. A shekarar 1985 Yoshio Hori da abokan aikinsa na Jami'ar Ciba a Japan suka nuna cewa farantin jan ƙarfe yana samar da mitan da etilin da yawan da za a iya aunawa, kuma har yau babu wani tsantsar ƙarfe da ya kamo shi a wannan fage.

Dalili yana cikin yadda ƙarfen ke riƙe kabon monoksaid, wanda shi ne zangon farko na sauyin. Zinariya takan sake shi da wuri, filatinom yakan ƙanƙame shi har fuskarsa ta toshe, jan ƙarfe kuwa yana riƙe shi daidai gwargwado, yadda zai ci gaba da karɓar ilektiron: 8 ake buƙata kafin a sami mitan daga kabon dayoksaid, 12 kafin etilin. Ko tsarin ƙwayoyin fuskar yana da tasiri, domin wata fuskar ta fi ba da etilin, wata mitan.

Babbar matsalar, wadda ta fi cancantar kulawa, ita ce jan ƙarfe ba ya tsayawa ga abu guda. Wani bincike na Jami'ar Stanford a 2012 ya gano sinadarai 16 da ke fitowa daga kansa, kuma raba su yana cin kuɗi da makamashi. Ga shi iskar kabon dayoksaid ba ta narkewa sosai a ruwa, shi ya sa aka koma ga farantai masu ƙananan ƙofofi da ke kai ta kan ƙarfen kai tsaye. Da irin wannan tsari masu bincike na Jami'ar Toronto suka ba da rahoto a 2018 cewa kimanin kashi 70 cikin 100 na lantarkin ya tafi ga samar da etilin, sai dai ruwan alkali (kishiyar asid) da suka yi amfani da shi yana shanye wani ɓangare na iskar ya mayar da ita gishirin kabonet. Amfanin hanyar ga muhalli kuma ya dogara ne ga inda wutar ta fito, domin idan da kwal aka samar da ita, hayaƙin da aka fitar zai iya zarce wanda aka sauya.