Maganar masarat: ba a hana ƴaƴanmu ajin kwamfuta da injiniyanci ba, don Allah ku daina tura wancan odiyon

Tun shekaranjiya wani odiyo ke yawo a guruf-guruf ɗinmu na nan Makka da Jidda, wata baiwar Allah tana ta rantse-rantse wai an hana ƴaƴan masu igama, wato takardar zaman baƙi a Saudiyya, shiga ɓangaren kwamfuta da injiniyanci a sanawi, babbar sakandare ke nan, wai duk wanda ba ɗan ƙasa ba masar am, wato hanyar karatu ta gama-gari, kawai za a zuba shi, kuma wai duk yaron da ya faɗa masar am shi da zama injiniya sai dai ya gani a talabijin. Sau huɗu aka turo min shi. Na huɗun daga yayata ne, ta biyo shi da kira murya na rawa, ta ce kai ɗan boko gaya min gaskiya, in haɗa wa yaron nan kaya ya tafi Kano ne ko yaya? Na ce Yaya ki kwantar da hankalinki tukuna, ba a yanke hukunci da odiyon wanda ko sunansa ba a sani ba.

Ɗana na fari da igama ya yi masar ɗin kwamfuta da injiniyanci har ya gama, ni na yi zirga-zirgar takardunsa, shi ya sa na ce bari in rubuta yadda abin yake ko wani zai huta da fargaba.

Tsarin da ake ce wa masarat, wato hanyoyin karatu na sanawi, kowace ɗaya masar, ma'aikatar ilimi ta Saudiyya ta fara shi a shekarar karatu ta 1443, wato 2021, ya maye gurbin tsarin muƙarrarat da yayyensu suka yi, kuma rukunin farko sun fita a 2024. Shekara uku ce kamar da. Ta farko kowa da kowa darasi ɗaya suke yi, ana ce mata sana mushtaraka, sai a shekara ta biyu a raba su hanya biyar: masar am, masar kwamfuta da injiniyanci, masar lafiya da rayuwa, masar kasuwanci, da masar shari'a. Ya shafi maza da mata, makarantun gwamnati da na kuɗi masu bin manhajar Saudiyya, su kuwa masu bin manhajar waje tasu hanyar daban.

Wani kuma ya rubuta a ƙasan odiyon wai ai ma an soke masarat ɗin gaba ɗaya. A'a. Abin da majalisar ministoci ta amince da shi a watan Agustan 2025 shi ne a koma zango biyu a shekara maimakon zango uku da aka shigo da shi a 2021. Zango aka taɓa, hanyoyin nan biyar ba su aka yi magana a kai ba.

To yanzu ga inda ruɗanin yake, kalmar nan da suke cewa taskin, wato yadda ake zaunar da kowane yaro a masar ɗinsa. Mutanenmu da yawa sun ɗauka zaɓi ne kawai kamar ka shiga baƙala ka nuna abin da kake so a miƙo maka, shi ya sa in yaro ya zaɓi kwamfuta aka ba shi am sai a ce ai ka gani, don mu baƙi ne. Alhali zaɓin yaro ɗaya ne kawai daga cikin abubuwan da ake dubawa. Ana duba makinsa na shekarar farko, musamman a darussan da suka shafi masar ɗin, irin su lissafi da fiziks da fasahar zamani, ana duba inda hankalinsa ya fi karkata, sannan ana duba kujera nawa makarantar take da su. Jinsiyya, wato ƙasar da yaro yake ɗanta, ba ta cikin wannan jerin. Idan kujera talatin ce yara sittin suka nema, talatin za su koma wani wuri, kuma cikin waɗanda suka koma ɗin za ka tarar da ƴan ƙasa masu bataƙa, katin shaidar ɗan ƙasa, ma, sai dai su ba sa yin odiyo.

Abu na biyu da ba a gaya wa iyaye da wuri shi ne ba kowace sanawi ke da waɗannan masarat na musamman ba. Masar am ita ce ake samu ko'ina, amma na kwamfuta da injiniyanci sai makarantun da aka ware, don yana buƙatar ɗakin kwamfuta da malaman fannin. Saboda haka sai ka ga yaro makinsa ya kai har ya wuce amma makarantar unguwarsu ba ta yi, sai dai a nemi naƙali zuwa wata, ita kuma wata ɗin tana can nesa, uba yana fita aiki tun asuba, uwa ba mota, kuɗin direba wata-wata ba wasa ba. Mutanenmu na Jidda da rusau ya tarwatsa daga Karantina da Sabil da Gulail sun fi kowa sanin wannan, an koma gefen gari an samu makarantar da ta karɓi yaro an gode Allah, wa ke ta tambayar wane masar suke da shi. A takarda dai ba a nuna wa kowa bambanci ba, ni ma na yarda, amma wanda yake da mota da lokaci da wanda ba shi da su ba ɗaya suke ba a gaban wannan doka, wannan kam ko mudir, shugaban makaranta, ba zai musa min ba.

Mu ma fa da namu laifin. Shekarar farko ita ce ake auna yaro da ita, amma ita ce muke ɗauka shekarar hutu, ya gama mutawassiɗ, wato ƙaramar sakandare, ai bari ya sarara, lokacin Ramadan da aikin hajji a ja shi kasuwa ko tura keken alhazai, maki ya zube, uba bai taɓa buɗe Nur, shafin ma'aikatar ilimi na intanet, ya duba sakamako ba sai ranar da aka ce an raba aji.

Akwai kuma masu gudun masar ɗin da kansu. Wani dattijo a Shara Mansur ta Makka ya ce min shi ba zai bar ɗansa ya yi shekara uku a sanawi ya fito bakanike ba. Na ce Baba ba can ba ne, kun haɗa shi da makarantun sana'a na ma'ahid sina'iyya, waɗancan suna ƙarƙashin hukumar koyar da fasaha da sana'o'i ne, hukuma ce daban, su ne masu walda da wayarin da gyaran mota. Kuma ko su ɗin ma ni ban ga abin rainawa ba, amma wannan hirar wata rana ce. A masar kwamfuta da injiniyanci yaro yana ci gaba da lissafi da fiziks da kemistiri, sai a ƙara masa ilimin sarrafa bayanai, da handasa, da abin da suke kira intanet na kayayyaki, wato yadda za ka sa fitila ko famfo ko ƙofa su yi magana da waya. A shekarar ƙarshe sai ƙirƙirarriyar basira, tsaron intanet, gina manhaja, da tasmim handasi, zanen injiniya. Wannan na ƙarshen shi ya fi burge ni don ba hadda ba ce, a ce ka nemo matsala, ka zana maganinta, ka ƙera samfuri, ka gwada, in ya ƙi ka koma ka sake. Na ga ɗana ya kwana uku yana faɗa da wani ɗan allon lantarki mai suna Arduino da ƴan wayoyi a kan faifan cin abinci, uwarsa na ta mita, kafin nan ma sai da ya haɗa shi a manhajar Tinkercad ya ga yana aiki sannan ya sayi kayan. Suna taɓa Python kuma, yaren rubuta manhaja. A ƙarshe kowane ɗalibi na masarat na musamman sai ya yi aikin kammalawa, mashru'in takharruj.

Mu dawo kan ƙaryar da ta fi tayar wa yayata hankali, wai masar am makabartar buri ce. Masar am tana da lissafi, tana da fiziks, kemistiri, bayoloji, duk suna nan, ba tsohon ɓangaren adabi ba ne da aka canza wa suna. Wanda ya gama ta yana zana ƙudurat da tahsili, jarabawoyin shiga jami'a na cibiyar Ƙiyas, kamar kowa, kuma da ita ana neman injiniyanci a jami'a. Har ma suna da fannin zaɓi a shekarar ƙarshe wanda a cikinsa akwai zanen kwamfuta, tasmim raƙami. Waɗanda ya kamata su yi dogon tunani su ne masu ɗaukar kasuwanci ko shari'a alhali ransu na kan injiniyanci, don can ne darussan kimiyya suke raguwa. Kuma ko an zaunar da yaro inda ba ya so akwai abin da ake kira tajsir, gada ke nan, ya sauya masar amma sai ya cike darussan da suka wuce shi. Wahala ce ta gaske, ba na ba kowa shawarar ya dogara da ita, amma a ce ƙofa ta rufe har abada wannan ƙari ne.

Sai awa 40 ɗin nan na aikin sa kai, wanda shi ma an sa masa ƙaho. Wai in yaro mai igama ya yi, jawazat, wato jami'an shige da fice, za su ɗauka aiki yake ba wurin kafilinsa mai ɗaukar nauyin zamansa ba a yi masa tarhil, a kore shi daga ƙasar. Haba jama'a. Waccan dokar mai tarar da kan kai riyal 50,000 da ɗaurin har wata 6 da kora, ta baƙon da ke aiki don kansa yana karɓar kuɗi ce. Wannan kuwa sharaɗin kammala sanawi ne da ma'aikatar ilimi da kanta ta sa, awa 40 a tsawon shekara uku, makaranta ke shiryawa ta rubuta masa. Hatsarin yana ga wanda ya ƙi yi ne, ya zo shekarar ƙarshe ana maganar shahada, takardar kammalawa, shi yana neman inda zai cike awoyi.

Inda katangar gaske take, tunda ana son gaskiya, bayan sanawi ne. Yaro ya yi tasmim handasi ya fito da maki mai kyau, abokinsa da suka zauna benci ɗaya ya wuce jami'ar gwamnati kai tsaye, shi kuma sai ta hanyar minha, kujerun da ake ware wa mazauna ƙasa, in ba mahaifiyarsa ƴar ƙasa ba ce, su ana yi musu kamar ƴan ƙasa. Ga kuɗin murafiƙin, wato iyalan da ke kan igamar uba, riyal 400 a kan kowane mutum duk wata, ga aikin injiniya da ake ta ƙara wa ƴan ƙasa kaso a kamfanoni. An haifi yaro a unguwar Jarwal ta Makka, Larabcinsa ya fi Hausarsa, amma a nan ne ake tuna masa da launin fasfo. Ƙasarsu ce dokarsu ce, na sani, sai dai abin da ciwo.

Shi ya sa na ce wa yayata ko Kanon za a kai shi daga baya, lissafi da fiziks da kemistirin nan su ne dai JAMB za ta tambaye shi in injiniyanci yake so, sai Turanci, wanda a nan ne yaranmu suke da rauni tunda komai da Larabci suka karanta, kuma shahadar sai an kai ta ma'aikatar ilimi a Abuja an tantance. Ta ce to yanzu me za ta yi. Na ce ranar Lahadi babansa ya je makarantar da kansa ya nemi muwajjih, mai ba ɗalibai shawara, ya tambaye shi wane masarat suke da su, in babu na kwamfuta wace makaranta ce mafi kusa da take da shi, kuma yaushe ake rufe zaɓi. Lambar sirrin Nur ɗin ma ashe ta ɓace musu tun bara, daren jiya muka zauna muka dawo da ita.