Me ake nufi da bibiyar majiyyaci daga nesa?

Kwanan nan wannan magana ta fara yawa a bakin ma'aikatan lafiya, kuma da yawa suna ɗauka ita ce ganin likita ta waya. Akwai bambanci. Ganin likita ta waya zama ɗaya ne: ka faɗi abin da ke damunka, ya ba ka shawara, a kashe waya. Ita kuwa bibiya ba ta yankewa. Majiyyaci yana gidansa, wata na'ura tana auna wani abu a jikinsa a kai a kai, awon ya tafi ta waya ko intanet zuwa wurin likita ko nas. In lamba ta kauce hanya, sai a kira shi kafin ciwo ya kwantar da shi.

A gidanmu na Tudun Wada na fahimci abin sosai. Mahaifiyata ta daɗe da hawan jini. Kullum bayan sallar asuba, kafin ta sha shayi ko magani, takan zauna a kujera ta jingina, ƙafafunta a ƙasa, ta huta kamar minti biyar. Sai ƙanwata ta naɗa mata abin awon a damtse ta danna. Yana fara matsewa Inna za ta soma tambayar ko an ɗora ruwa, ƙanwata ta ce, "Inna, ki ɗan yi shiru sai ya gama." Lambobi biyu su fito, ta ɗauki hotonsu, ta tura wa nas ɗin da ke kula da ita ta WhatsApp. Wannan ita ce bibiyar a mafi sauƙin siffarta. Akwai na'urorin da ke tura awon da kansu, ba sai an ɗauki hoto ba, amma aikin ɗaya ne.

Me ya sa awon gida ke da daraja haka? Hawan jini ba ya sallama. Mutum yana iya yawo da jini sama da 140 bisa 90 shekara da shekaru bai ji komai ba, sai ranar da ɓarin jikinsa ya shanye. Awon asibiti kuwa sau ɗaya ne a wata ko fiye, shi ma bayan an sha jijjigar Keke Napep, an sha rana, an sha layi. Wasu ma ganin likita kaɗai kan sa jininsu ya hau. Awo talatin da aka yi a ɗaki cikin natsuwa sun fi wancan guda ɗaya faɗa wa likita gaskiyar jiki.

Ba hawan jini kaɗai ba. Akwai ƴar na'urar da ake maƙalawa a yatsa ta nuna yawan iskar da ke cikin jini. A lokacin korona, a 2020, an raba ta ga majiyyata a Ingila suna awo a gida ana bibiyarsu. Masu ciwon suga suna da irin FreeStyle Libre, wadda ake mannawa a bayan damtse ta yi kwana 14 tana awo ba tare da huda yatsa kullum ba, sai dai kuɗinta ya fi ƙarfin talaka. Inda abin ya fi taɓa min zuciya shi ne mata masu ciki. Jijjigar masu ciki kan biyo bayan hawan jini ne, kuma tsakanin awon ciki da awon ciki akwai makonni. Mace a ƙauyen Giwa ko Birnin Gwari, wadda hanya ta yi mata nisa, in ana ganin awonta duk safiya, za a iya cewa ta taso tun da sauran lokaci.

Matsalolinmu sanannu ne: wuta, sabis, kuɗin data. Amma wadda ta fi damuna ita ce mutumin da ke ɗaya gefen. Lambar da ba wanda ya karanta ba ta ceci kowa ba, ga shi likitocinmu da nas-nas suna ta ficewa ƙasashen waje. Don haka duk wanda aka tallata wa irin wannan tsari ya tambaya: wa zai duba awon, kuma cikin awa nawa zai amsa? Ya kuma tambayi wa ke iya ganin bayanansa, domin ciwon mutum sirrinsa ne, kuma tun 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a.

Bibiya ba ta maye gurbin asibiti. Ciwon ƙirji mai tsanani, karkacewar baki, mutuwar hannu, ko matsanancin ciwon kai ga mai ciki, ba a tsayawa jiran amsar saƙo. A nemi mota a nufi asibitin Barau Dikko ko na Yusuf Dantsoho a Kaduna, ko duk asibitin da ya fi kusa.

Ita Inna, da nas ta ga awon safe yana ɗan hawa sati biyu a jere, sai ta kai wa likita, aka kira mu, aka gyara mata magani. A lokacin ita ba ta jin ciwon komai, tana ta shirin bikin jikarta.