Ma'anar "Shekarar Huangdi" a lissafin shekarun Sinawa

Idan sabuwar shekarar gargajiya ta Sinawa ta kama, wadda takan faɗo tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu, akan ga wasu kalandu da jaridu, musamman na Sinawa mazauna ƙasashen waje, sun rubuta cewa an shiga shekara ta dubu huɗu da ɗari bakwai da 'yan kai. Shekarar 2025, alal misali, wasu sun kira ta 4722, wasu kuma 4723. Wannan lissafi shi ake kira Huangdi jinian, wato ƙidayar shekaru daga zamanin Huangdi, sarkin da hikayoyin Sinawa suka ɗauka a matsayin kakan ƙabilar Han, wanda ake dangana masa ƙirƙirar keken doki da jirgin ruwa, ake kuma cewa wani bafadensa mai suna Cangjie ne ya ƙago rubutu. Mai ganin adadin zai zaci tun fil azal Sinawa suke ƙirga shekarunsu ɗaya bayan ɗaya, alhali lissafin bai shahara ba sai a farkon ƙarni na 20.

A zamanin da, Sinawa ba su da wata shekara guda da ake tasowa daga kanta irin ta Hijira ko ta Miladiyya. Da sarautar sarki suke ƙirgawa, kamar dai yadda dattawanmu kan ce an haifi wane a shekara ta uku da hawan sarki wane. Tun daga zamanin Sarki Wu na daular Han, wanda ya hau gadon sarauta a shekara ta 141 kafin Miladiyya, aka ƙara da al'adar raɗa wa zamanin mulki suna na fatan alheri, har sarki ɗaya kan sauya sunan sau da yawa idan an ga wata alama a sama ko annoba ta sauka. Sai a daulolin Ming da Qing aka daidaita a kan suna ɗaya ga kowane sarki kusan a ko da yaushe, shi ya sa ake cewa shekara ta 61 ta Kangxi, sunan zamanin mulkin wani sarkin Qing, wadda ta yi daidai da 1722.

Ban da wannan akwai zagayen shekara sittin. Ana haɗa alamomi goma da ake kira jijiyoyin sama da wasu goma sha biyu da ake kira rassan ƙasa, su ne waɗanda aka danganta da dabbobin nan irin su ɓera da damisa da maciji da doki, ana jera su bibbiyu har a sami suna sittin kafin a koma farko. Sunan farko shi ne jiazi. Shekarar jiazi ta baya-bayan nan ita ce 1984, mai zuwa kuma 2044. Wannan tsari kam tsoho ne na haƙiƙa, domin an same shi a rubuce a jikin ƙasusuwan duba da ƙoƙon bayan kunkuru da aka tono a Anyang, na daular Shang, sama da shekara dubu uku da suka wuce, sai dai a lokacin kwanaki ake ƙirgawa da shi. Daga nan ne shekara ta 2697 kafin Miladiyya ta samo daraja: idan aka yi ta komawa baya sittin-sittin, ita ma a kan jiazi take faɗawa, don haka ta dace da a ce da ita mulkin Huangdi ya fara. Masu cewa ba a ƙago zagayen ba sai a shekara ta 61 ta mulkinsa suna farawa daga 2637, masu ƙara shekara ɗaya kuma daga 2698, kuma wannan shi ne asalin saɓanin 4722 da 4723.

Babban masanin tarihin daular Han, Sima Qian, da Huangdi ya buɗe littafinsa na Shiji, amma bai yarda ya sa masa shekara ba, saboda ya tarar da tsofaffin rubuce-rubucen suna karo da juna. Jadawalinsa na shekara-shekara ya fara ne daga Gonghe, wato 841 kafin Miladiyya, lokacin da mutanen babban birni suka kori Sarki Li na daular Zhou aka koma riƙon ƙwarya. Har yau ita ce shekara ta farko da masana suka amince da ita ba gardama a tarihin Sin. Wannan kamewa tasa, a ganina, ta fi ƙarfin halin waɗanda suka biyo bayansa amfani. Shao Yong, malamin daular Song a ƙarni na 11, da lissafin falaki da zagayen sittin ya kai hawan Sarki Yao, wani sarkin hikaya da ya zo bayan Huangdi, zuwa shekarar da ta yi daidai da 2357 kafin Miladiyya. Sannan a 1658 wani limamin Katolika ɗan Italiya, Martino Martini, ya juya waɗannan sarautu zuwa lissafin Turawa, ya ba Huangdi 2697, ya ba Fuxi, sarkin hikaya da ya riga Huangdi, 2952, abin da ya tayar da ƙura a Turai domin shekarar Fuxi ta riga wadda malamansu da yawa suka ƙayyade wa ruwan Ɗufana.

Siyasa ce ta mayar da wannan adadi kalanda. A ƙarshen daular Qing, wadda 'yan ƙabilar Manchu suka kafa a Beijing tun 1644, duk wanda ya rubuta "shekara ta 29 ta Guangxu" (sunan zamanin mulkin sarkin lokacin) a saman wasiƙarsa ya amsa ke nan cewa shi talakan sarkin Manchu ne, kuma matasa masu neman juyin juya hali ba su son haka. Kang Youwei, mai son a yi gyara amma a bar sarki a kan karaga, ya ba da shawarar ƙirgawa daga malamin nan Konfushiyus, wanda aka haifa a 551 kafin Miladiyya. Liu Shipei kuwa, yana saurayi ɗan shekara goma sha tara, ya wallafa maƙala a 1903 yana cewa a ƙirga daga haihuwar Huangdi, kakan Han, ya kira shekarar da yake ciki 4614. Misalin Japan yana gabansu, inda gwamnati ta riga ta kafa lissafi daga Sarki Jimmu na hikaya, 660 kafin Miladiyya. Da yake babu hujja tsayayya, kowace mujalla ta ɗauki nata adadin, har sai da jaridar Minbao ta ƙungiyar Sun Yat-sen, jagoran masu neman juyin juya hali, ta kira 1905 shekara ta 4603, aka fi bin wannan.

Da sojoji suka yi wa daular Qing bore a birnin Wuchang na lardin Hubei ranar 10 ga Oktoba 1911, sanarwoyin gwamnatin soja ta Hubei da shekara ta 4609 ta Huangdi aka sa musu kwanan wata, a maimakon shekara ta 3 ta Xuantong, sunan zamanin mulkin sarkin Qing na ƙarshe. Lissafin Huangdi bai kai wata uku yana aiki a hukumance ba. Sun Yat-sen ya sanar da cewa ranar 13 ga wata na 11 na shekarar 4609, wadda ta yi daidai da 1 ga Janairu 1912, ita ce ranar farko ta shekara ta ɗaya ta Jamhuriya, lissafin da Taiwan ke bi har yanzu, inda 2025 take shekara ta 114. Gwamnatin Beijing kuwa Miladiyya ta ɗauka tun 1949. Ko binciken da gwamnatin ta ɗauki nauyi daga 1996 zuwa 2000 don tantance shekarun daulolin farko bai wuce wajejen 2070 kafin Miladiyya ba, wadda ya ba kafuwar daular Xia, kuma ita ɗin ma masana da dama ba su gamsu da ita ba.