Ba a sakar wa kocin tanis mara ba: abin da dokar ba da shawara daga gefen fili ta ƙunsa

Tun da sabuwar dokar ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2025, maganar da ake ta yaɗawa ita ce hukumar tanis ta duniya, ITF, ta halatta wa koci ya yi ta yi wa ɗan wasansa magana duk lokacin da ya ga dama. Wasu ma na cewa zai iya sauka cikin fili ya gyara masa riƙon raket. Masu horar da yara sun fara ɗaukar wannan a matsayin gaskiya, kuma wanda zai biya kuɗin kuskuren shi ne yaron da za a cire wa maki.

Abin da aka gyara shi ne doka ta 30 a kundin dokokin wasan, a babban taron ITF na Hong Kong cikin Oktoban 2024, bayan shekaru ana gwaji: ɓangaren maza na ATP ya soma a Yulin 2022, manyan gasa huɗu na duniya da ake kira Grand Slam suka bi. Ta shafi maza da mata, masu buga ɗai-ɗai da masu buga biyu-biyu.

Ga iyakokin. Muddin ƙwallo tana yawo, bakin koci a rufe yake. Damarsa tana tsakanin maki da maki, da lokacin sauya gefe, da hutun ƙarshen zagaye. Magana da baki sai in ɗan wasan yana gefen filin da kocin yake zaune. In ya koma can ɗaya gefen, sai dai ishara da hannu. Koci kuma yana wajen fili, a kujerarsa. Wanda ke zama cikin fili kusa da ɗan wasa shi ne kyaftin a gasar ƙasashe irin su Kofin Davis, wannan kuwa tsohon tsari ne.

Inda ake rikicewa shi ne sharaɗin da ya ce shawarar ta zama cikin natsuwa, kuma taƙaitacciya in ba a lokacin hutu ba. Ba a ƙayyade yawan kalmomi ba. "Matso gaba", "bugo masa ta hagu", "ja numfashi": irin wannan ake nufi. Amma in ɗan wasa ya zo ɗaukar tawul, ya tsaya yana muhawara da kocinsa kan inda zai aika bugun farko alhali abokin karawarsa na jira, an fita daga taƙaitawa an shiga hira. Wa ke raba tsakani? Alƙalin da ke kan kujera, da kunnensa da hankalinsa. Don haka abin da wani alƙali ya kawar wa kai yau, wani zai iya hukuntawa gobe, kuma a ganina nan ne raunin dokar.

Hukuncin kuwa yana nan daram, kuma a kan ɗan wasa yake sauka duk da kocinsa ne ya yi laifin. Karon farko gargaɗi, na biyu a ba abokin karawa maki, na uku a ba shi gem guda (rukunin maki da ake tarawa a ci zagaye), sannan tara na iya biyo baya. Laifuffukan tarawa ake yi ko da ba iri ɗaya ba ne. Haka ta faru da Serena Williams a wasan ƙarshe na gasar US Open ta 2018 da Naomi Osaka: alƙali Carlos Ramos ya gargaɗe ta saboda isharar kocinta Patrick Mouratoglou, fasa raket ya ci mata maki, zafafan kalamai suka ci mata gem. An ci ta tarar dala 17,000, dala 4,000 daga ciki na isharar ce. Daga baya kocin ya amsa cewa ya yi, ya ce kowa ma yana yi. A dokar yau wannan isharar ba laifi ba ce in an yi ta tsakanin maki, amma matakan hukuncin ba su canza ba.

Akwai kuma abin da masu yaɗa jita-jitar ke tsallakewa: ITF ta bar wa kowace hukuma mai shirya gasa zaɓin ta yarda da tsarin ko ta ƙi. Ganin Andy Murray zaune dab da fili yana ba Novak Djokovic shawara a gasar Australian Open ta 2025 ba ya nufin haka za a yi a gasar matasa a Kano ko Abuja. Koci ya tambayi babban alƙalin gasa kafin a fara.

Taylor Fritz da Denis Shapovalov sun fito fili sun soki canjin, suna ganin ya rage wa tanis abin da ya bambanta shi, wato mutum ya warware matsalarsa shi kaɗai a tsakiyar fili. Ni abin da ya fi damuna daban ne. Manyan 'yan wasa na zuwa da koci da mai nazarin bayanan wasa da mai kula da lafiyar jiki. Yaron da ya haɗa kuɗin jirgi da ƙyar ya je ƙaramar gasa, shi kaɗai yake tafiya, kuma yanzu doka ta yarda ya kara da kai biyu.