Sa hannu kafin tiyata ba sallama rai ba ne

Da zarar nas ta miƙo takarda a sa hannu kafin tiyata, sai dangi su yi cirko-cirko, kowa na tura wa wani biro. An daɗe ana cewa wai in ka sa hannu, ko mara lafiya ya mutu babu ruwan likita.

Ba haka abin yake ba. Takardar shaida ce cewa an yi maka bayanin aikin da haɗarinsa, da wata hanyar in akwai, kuma ka amince. Dokar lafiya ta Najeriya ta 2014 ta wajabta wannan bayani, cikin harshen da mutum yake ji in hakan zai yiwu. Likitan da ya yi sakaci, a ce ya manta auduga a cikin mutum, takardar ba za ta cece shi ba. Hukumar likitoci ta MDCN tana da kotun ladabtarwa da kan iya soke lasisinsa.

Abin da ya fi ciwo shi ne na masu naƙuda. Mace baliga mai hankali, sa hannunta ya wadatar a doka, amma sai a bar ta tana zubar da jini ana jiran maigida ya dawo daga kasuwa.